Babi na 6: Rodin da Ake Kafawa a Gindin Inji

Darasi na 1

Ku je gaban injin niƙa ko na casar shinkafa, ku kashe wuta tukuna. Ku nemi waya mai launin kore da rawaya. Ita ce wayar kariya. Daga jikin ƙarfen inji take tashi, ta bi sauran wayoyi har akwatin da bireka yake, wato makunnin da ke faɗuwa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Ku bi ta da ido har can. Wanda bai gan ta ba ya sake dubawa, ba abin kunya ba ne, sannu a hankali.

Wasu sukan kafa rodin jan ƙarfe a ƙasa kusa da inji, su ɗaura masa waya. Babu laifi. Dokar haɗa wuta ta Amurka, sashe na 250.54, ta yarda da shi, amma a matsayin ƙari. Rodi ba ya maye gurbin wayar kariya. Ku karanta da ƙarfi: rodi ƙari ne, waya dole ce.

Ga lissafi. Wutar da KEDCO ke kawo mana bolt 230 ce. A ce wuta ta taɓa jikin inji, rodi kaɗai gare shi, babu wayar kariya, kuma juriyar ƙasa a wurin rodi, wato yadda take tare wuta, om 25 ce. Ku raba 230 gida 25, za ku sami amfiya 9 da ɗoriya, wato yawan wutar da za ta bi ta rodi ta shiga ƙasa. Bireka mai amfiya 32 ba zai faɗi a kan 9 ba. Wuta tana nan kwance a jikin inji, tana jiran hannun yaron da ya kawo niƙa. Ƙasarmu ta Daura kuwa yashi ce, da rani ta bushe, juriyarta sai ta haura haka.

Saboda haka ko kun kafa rodi, ku ja wayar kariya har akwati, don ita ce za ta sa bireka ya faɗi. Har akwati. Kullum ana faɗa, kullum sai wani ya yanke ta don tsimin yadi goma na waya. Haba jama'a! Ran ɗan mutum ya fi waya tsada. Ku rubuta sau uku a littafinku: rodi ƙari ne, waya dole ce.

Darasi na 2

Wayar rodi a ɗaure ta da maƙali da noti a jikin ƙarfen inji, inda aka kankare fenti da tsatsa. Ban da murɗawa da hannu.

Darasi na 3

Sabon haɗi, a kira ma'aikatan NEMSA, hukumar da ke duba haɗin wutar lantarki, su auna kafin a kunna.