Yadda ake tantance tsohon agogon gwal kafin a sa masa kuɗi

Bara, da aka zo rabon gadon wani dattijo a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, an fito da agogo daga ƙasan adakarsa, naɗe cikin hirami. Rawaya ne, da nauyi a hannu. Kafin ka ce kwabo dillali ya taya, magada sun kusa sallamawa. Na ce wa babban ɗan mamacin, "Yaya, a dakata a buɗe bayansa tukuna, akwai haƙƙin marayu a ciki." Launi da nauyi ba sa ba da shaida a kan agogo. Shaidar tana cikin 'yan hatimai da ba su wuce ƙwayar riɗi ba, kuma ga yadda ake bin su.

Da farko, kada ka goge shi. Ba toka, ba man goge ƙarfe, ba ruwan tsami. Gwal yana da laushi, guga tana cinye hatimin, tana kuma zubar da darajar agogon. Ka bar maganaɗisu ma: tagulla ba ta kama shi kamar yadda gwal ba ya kamawa, don haka bai raba maka gardama ba, ga shi yana iya rikita tafiyar injin. Abin da kake buƙata shi ne madubin ido na masu gyaran agogo, ko kyamarar waya mai jawo abu kusa, da hasken hantsi.

Sai ka duba wuraren da gumi da hannun riga suka fi ci: ƙafafu huɗun da ke riƙe maɗauri, da kan maɓallin da ake wana agogon da shi, da gefen murfin baya. Idan ruwan gwal aka yi masa, a nan yake koɗewa, ka ga farin ƙarfe ko tagulla ta leƙo, wani lokaci da kore-kore. Karanta rubutun bayan. "Stainless steel back" ko "Fond acier inoxydable" na nufin murfin ƙarfe ne. "Plaqué Or", "GP", "GF" da "RGP" duk shafe ne ko lulluɓi a kan wani ƙarfe. In ka ga "20 microns", kaurin shafen ke nan, kashi 1 cikin 50 na milimita. Yawancin Seiko da Rado da Citizen da alhazai suka riƙa kawowa tsaraba irin wannan ne. Agogo ne masu ƙarko, amma ba a sayar da su a kan sikeli.

In ya tsallake wannan, kai shi wurin mai gyara ya buɗe da kayan aikinsa, a gabanka. Kada a sa wuƙa, kuma a guji ranar da hunturu ke tada ƙura. A cikin murfin za ka nemi lamba: 750 karat 18 ne, wato kashi uku cikin huɗu gwal, 585 karat 14, 375 karat 9. Sai dai lamba kaɗai ba ta isa ba, duk mai guduma da ƙarfen bugu zai iya buga ta. Hatimin hukuma ne abin nema.

A agogon Suwizalan, karat 18 yana ɗauke da kan wata mace da suke kira Helvetia, karat 14 kuma hoton kurege. Haka aka yi ta yi har 1995, daga nan aka koma kan kare guda ɗaya. Ka ga ke nan wanda ya ce maka agogonsa na 1965 ne alhali kan kare ke ciki, ko dai an canja kwanon, wato gidan da injin ke zaune a ciki, ko shekarun ba haka suke ba. Tun 1934 kuma ana buga alamar maƙerin kwanon, galibi kan guduma mai lamba a ciki, ko mabuɗi ga maƙeran Janeba. Idan a Ingila aka ƙera kwanon, za ka ga kan damisa na Landan ko anka (ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa) ta Bamingham, da harafi ɗaya mai nuna shekara. Kamfanin Dennison na Bamingham ya yi wa Omega kwanuka masu yawa na karat 9, saboda haka ganin sunansa ba alamar jabu ba ne.

Inda aka fi cutar mutane shi ne murfi, domin ana iya ɗauko shi daga wani agogon. Nemi hatimin a jikin kwanon kansa, a bayan ƙafa ko a gefe, ka tabbata ya yi daidai da na murfin.

Daga nan sai inji. Sunan da ke fuskar agogo ya kamata ya dace da na injin. Omega na buga lambar shaida a kan inji, lambar samfuri a cikin murfi. Tsohon Rolex kuwa sai an cire maɗauri: lambar samfuri tana tsakanin ƙafafun wajen ƙarfe 12, ta shaida wajen ƙarfe 6. In ka tarar da ƙaramin inji mai batir cikin zoben roba, ka tuna sai a Disamba 1969 Seiko ya fara sayar da agogon hannu na kwaz, wato mai irin wannan injin, don haka bai kamata ka same shi a agogon da aka ce ya girmi wannan shekara ba.

Fuskar da aka sake wa fenti tana tona kanta: haruffa masu kauri, layukan minti da ba su daidaita ba, fari fat a kan kwano da ya tsufa. Harafin T kusa da "Swiss Made" na nuna sinadarin da ke sa fuskar haske a duhu, wanda aka koma amfani da shi a shekarun 1960. Na kafin nan yana iya zama radiyam, mai lahani, don Allah kada yara su kankare shi.

Wajen awo, a cire inji da gilashi daga lissafi, a duba hatimin maɗauri daban a maƙullinsa. In maƙerin gwal ya nace sai ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗiga a cikin murfi, ba a waje ba. Idan gwal ne, a sanar da malamin da ke rabon, tunda akwai hukuncin sa shi ga namiji da kuma nisabin zakka na kimanin giram 85. A ɗauki hoton kowane hatimi a gaban shaidu, sannan a ji farashi biyu: na mai narkarwa, da na mai sayen agogon yadda yake. Na dattijon nan kurege muka samu, a murfi da bayan ƙafa, sai aka fasa sallamawa aka kai shi Kano.