Yadda Ake Jera Agwagin Roba da Busa Kira a Ƙarshen Kakar Farautar Agwagwa a Amurka

Agwagwar dajin da ta kai watan Janairu da ranta a Amurka ta ga duniya. Tun watan Satumba ake harbinta a gonakin Saskatchewan da Manitoba na ƙasar Kanada, ta gangaro kudu ta kwarin kogin Misisifi, ta ratsa Dakota da Iowa da Missouri, kafin ta sauka a gonakin shinkafa na Arkansas ko fadamun Luwiziyana. Duk inda ta yada zango ta tarar da agwagin roba a kan ruwa da wani mutum a ɓoye yana busa mata kira. 'Yan uwanta masu saurin yarda tuni an ci su da miya. Dokar tarayya ta tsayar da 31 ga Janairu a matsayin ranar ƙarshe da za a iya kaiwa ana farautar agwagwa, kuma jihohin da ke kan hanyar Misisifi, wato hanyar da tsuntsaye ke bi wajen ƙaura ta yankin wannan kogi, kwana 60 kacal suke samu a shekara. Saboda haka makonnin ƙarshe da tsofaffin hannu ake karawa, kuma dabarar da ta yi aiki ranar buɗe kaka ita ce ke korarsu yanzu. Abin da ya kamata mafarauci ya riƙe shi ne ragewa: ya rage agwagin roba, ya rage busa, ya ƙara ɓuya da motsin ruwa.

Mataki na ɗaya: nemo inda suke so su sauka

Kafin ka taɓa buhun agwagin roba, ka ba da yini guda ga leƙen asiri. Ka fita da mota da madubin hangen nesa da yamma, ka ga inda suke kwana, inda suke kiwo, da inda suke shan hantsi. Idan sanyi ya tsananta ruwan da ba shi da zurfi ne ke fara daskarewa, sai agwagi su koma manyan koguna, da bakin maɓuɓɓuga, da ƙoramu masu gudu. Abincinsu ma yana sauyawa, suna neman masara da shinkafar da ta zube a gona bayan girbi, don su ne ke ba su kitsen jure sanyi.

Ka lura da lokaci. A ranar da komai ya daskare ba sa tashi da asuba, sukan lafe har rana ta ɗaga, wani lokaci sai wajen azahar. Mafarauta da yawa kan naɗe kayansu da ƙarfe tara su tafi shan shayi, agwagi kuwa sai bayan tafiyarsu suke fitowa. Kada kuma ka yi harbi a makwancinsu. Ka tare su a wurin kiwo ko wurin hutu, domin in ka tashe su daga inda suke kwana za su bar yankin gaba ɗaya, kai da maƙwabtanka duk ku yi asara.

Idan ka tarar da su zaune, ka tsaya ka ƙare musu kallo. Guda nawa ne? A cure suke ko a warwatse? Wane iri da wane iri ne a haɗe? Abin da ka gani shi za ka kwaikwaya gobe.

Mataki na biyu: zaɓen agwagin roba

A farkon kaka mutum kan zuba dozin biyar ko shida. A Janairu, a ƙaramin tafki ko ƙorama, guda shida zuwa goma sha takwas sun isa. Dalili shi ne kowa a yankin irin jeri ɗaya yake yi, dozin biyu ko uku na malad, wato agwagwar nan da toronta ke da koren kai, kuma tsuntsayen sun haddace wannan hoton. Inda kawai yawa ke da amfani shi ne babban ruwa ko buɗaɗɗiyar gona, inda agwagi ke taruwa ɗaruruwa saboda sauran wurare sun daskare. A can ko dai ka haɗa kaya da abokai ku zuba da yawa sosai, ko ka koma gefe ka zuba kaɗan. Tsaka-tsakin ne ba ya ci.

Ka wanke su. Bayan wata biyu a laka da cikin buhu fentinsu ya dushe, alhali a wannan lokacin ne toron agwagwa na gaske ke kan ganiyar kyansa, kai kore shar, ƙirji ja, gefe fari-fari. Ruwa da buroshi sun wadatar, wanda kuma fentinsa ya goge har yana ƙyalli ka bar shi a gida.

Ka cuɗa iri. Toron fintel, mai farin ƙirji da dogon bindi, ana hango shi daga nesa, don haka biyu ko uku a gefen jeri suna jawo ido. (Wannan fintel ɗin dai shi ne ke ƙetaro Sahara daga Turai ya sauka a fadamar Haɗeja da Nguru lokacin hunturu.) Baƙaƙen kajin ruwa na roba su ma suna aiki, haka ɗinya ta Kanada guda huɗu ko shida. Agwagwa ta san ɗinya ba ta zama inda babu lafiya, kuma mafarauta kaɗan ne ke wahalar ɗauko su.

Mataki na uku: jeri

Abu biyu ne ke mulkin jeri, iska da aure.

Agwagwa kullum tana sauka ne tana fuskantar iska. Yawancin mutane kan zauna iska na bugun bayansu, tsuntsu ya taho musu gaba da gaba. Harbin yana da sauƙi, amma idon agwagwar na kan maɓoyarka tun daga nesa har ta iso. A ƙarshen kaka ya fi kyau iska ta riƙa ratsawa ta gefenka, daga dama zuwa hagu ko akasin haka, ka ja jerin agwagin zuwa ɓangaren da iskar ke fitowa. Ta haka mai sauka zai gifta ta gabanka hankalinsa na kan 'yan uwansa na roba. In rana ta fito, ka yi ƙoƙari ta kasance a bayanka: tana kashe musu ido, kai kuma kana cikin inuwa.

Batun aure kuwa, malad kan zaɓi abokin zama tun daga kaka zuwa tsakiyar sanyi, kafin Janairu yawancinsu sun zama biyu-biyu. Ma'aurata ba sa son cunkoso, sukan ware gefe. To ka jera haka: toro da mace kusa da juna, sannan tazarar taku huɗu ko biyar, sannan wasu biyun. A wani gefe ka ajiye mace ɗaya da toro uku ko huɗu kewaye da ita, kamar masu zawarci. Wannan ƙungiya tana ɗaukar hankalin toron da bai samu mata ba, kuma shi ne mafi sauƙin yaudara a wannan wata.

Ka manta da jerin nan mai siffar ƙugiya ko kofaton doki da ake zanawa a takarda. Daga sama ana ganinsa tsaf kamar an auna da igiya, agwagin gaske kuwa ba sa zama haka. Abin da ake bukata shi ne fili a buɗe inda za su sauka, kimanin yadi 20 zuwa 25 daga inda kake, kuma kada wata agwagwar roba ta tare hanyar shigowa, domin tsuntsun da ya sha harbi ba ya son tsallake kan wasu kafin ya sauka. Agwagwar da ta fi nisa kada ta wuce yadi 35 zuwa 40. Ita ce alamarka: abin da ke bayanta ba na harbi ba ne.

Idan ruwan ya daskare, kada ka farfasa ƙanƙarar gutsi-gutsi. Ka yanke ta manyan falle, ka tura kowane falle ƙarƙashin sauran, ramin ya fito fes kamar ruwan da bai taɓa daskarewa ba. Ragowar gutsattsarin ka kwashe da koma. A bakin ramin, kan ƙanƙara, ka ɗora masu siffar barci, waɗanda kansu ke cusa a fiffike, a cure da juna, don haka agwagi ke yi in sanyi ya kai maƙura. Ka ajiye su a ruwa da hannu, kada ka jefa. Ruwan da ya fantsama a bayansu nan take yake daskarewa, rana na fitowa su riƙa walƙiya.

Mataki na huɗu: motsi

Ranar da babu iska, agwagin roba a kan ruwa lumui matattu ne, kuma daga sama ana ganewa. Maganin da ya fi kowanne arha shi ne igiyar fizga. Ka sami nauyi ko turke ka kafa a can ƙarshen jeri, ka ɗaura masa roba mai talewa, ka haɗa da doguwar igiya har zuwa maɓoyarka, ka ɗaure agwagi uku ko huɗu a jikinta. Kana ja kana saki, suna iyo, ruwa na kaɗawa har ya motsa sauran. Ka ja lokacin da tsuntsaye ke nesa ko suna juyawa, ka sassauta in suna bisa kanka. A dazukan itacen oak da ruwa ke malalewa a Arkansas, irin na Bayou Meto, mafarauci kan jingina da bishiya ya riƙa kaɗa ruwa da ƙafa, aikin ɗaya ne.

Agwagwa mai fiffiken da batir ke juyawa ta yi tashe tun ƙarshen shekarun 1990, kuma tana ruɗar 'yan shila a farkon kaka. A Janairu sau da yawa ita ce ke tona asiri. In ka ga garke biyu sun nufo sun kauce, ka kashe ta ko ka cire ta. Wasu jihohi ma, irin su Washington da Oregon, sun hana amfani da masu batir.

Mataki na biyar: ɓuya

Mafarautan ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya cikin ciyawa sun san cewa kan burtun ba ya aiki in jikin mutum a fili yake. Haka abin yake a nan. Ciyawar da ka rufe maɓoya da ita a Nuwamba ta bushe ta zube, sai ka sake yankan ta wurin ka lulluɓe, musamman ta sama, inda suke leƙowa. Ka rufe fuska da hannu, ka kwashe kwanson harsashi, ka ɓoye kare. Ranar hadari ta fi wuya, saboda babu inuwar da za ta rufa maka asiri. Kuma in garke na kewayawa, mutum ɗaya ne ke kallo, sauran kai a ƙasa.

Mataki na shida: busa

A garin Stuttgart na Arkansas ake gasar busa kiran agwagwa ta duniya tun 1936, inda kowane ɗan takara ke da daƙiƙa 90 ya nuna gwanintarsa. Dogon kiran nan mai tsananin ƙara da ake ji a dandalin, don alƙalai ake yinsa. Wanda ya kai shi fadama a Janairu zai ga bindin agwagi kawai.

Macen malad ce mai "kwak" ɗin da kowa ya sani, kuma muryarta mabusar ke kwaikwaya. Sauti huɗu sun ishe ka. Akwai "kwak" guda ɗaya mai kauri, a saki a huta. Akwai gaisuwa, wato sauti biyar zuwa bakwai masu gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Akwai kiran dawowa, irin gaisuwar ce amma da sauri da naci. Sai gunagunin kiwo, "tiki-tiki-tiki" a hankali.

Ga yadda za ka yi in garke ya bayyana. Da farko ka yi shiru ka ja igiya. In sun nufo ka da kansu, ka bar mabusar a ƙirji, babu abin da za ka ƙara musu. In za su wuce ta gefe, ka yi gaisuwa ɗaya ka duba. Ko fiffike ya ɗan tsaya, ko wuya ya juyo? To sun ji, ka dakata. Ƙa'idar tsofaffin mafarauta ita ce a busa wa gefen fiffike da bindi, wato lokacin da suke juyawa ko suka ba ka baya. Busa suna fuskantarka nuna musu wurin zamanka ne. In sun kewaya sau biyu suka fara ficewa, a nan ne kiran dawowa ke da amfani, ka yi shi da ƙarfi ba kunya, kana ganin sun juyo ka yanke. A kewayen ƙarshe "kwak" ɗaya ko biyu masu taushi sun isa su daidaita su kan filin sauka.

Ka rataya usur kusa da mabusar. Toron malad ba ya "kwak", wata 'yar murya ce gare shi mai kaushi, ana fitar da ita ta hanyar yin gunji cikin usur. Toron fintel da na wijin, wani irin agwagwar daji, fito suke yi, ƙaramar agwagwar nan til kuma "fit-fit". Mutane kaɗan ne ke busa waɗannan, don haka agwagi ba su koyi tsoronsu ba, kuma a ranar da iska ta kwanta sun fi komai aiki. In ku uku ne a maɓoya, ɗaya ya riƙe mabusa, ɗaya usur, ɗaya igiya. Ƙarfin busa kuma ya bi yanayi: iska mai ƙarfi na cinye sauti sai ka ɗaga, a cikin itatuwa ko kan ruwa shiru sai ka toshe bakin mabusar da tafin hannu ka karkata ta ƙasa. Tururin baki kan daskare a kan harshen mabusa ya maƙale shi, saboda haka ka riƙa cusa ta cikin riga, ka kuma riƙe ta biyu.

Garken farko da na biyu su ne malamanka. In suna sauka can nesa da jeri, ka buɗa filin ko ka rage agwagi. In suna zuwa yadi 60 su watse sama, wani abu suke gani, ka fita ka duba maɓoyar daga inda suke. Kada ka zauna kana fatan na uku zai yi daban.

Mataki na bakwai: doka da kai

Farautar agwagwa a Amurka tana ƙarƙashin dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi kan sarkin agwagwa na tarayya, wato shaidar izinin farautarta, wanda aka fara a 1934, yanzu dala 25, ban da lasisin jiha. An hana amfani da agwagwa mai rai a matsayin tarko da zuba hatsi tun 1935, an hana harbin agwagwa da harsashin dalma a duk ƙasar tun 1991, na'urar kira mai lantarki ma haramun ce ga agwagwa. Bindiga ba za ta ɗauki fiye da harsashi uku ba. Ana fara harbi rabin awa kafin fitowar rana. A hanyar Misisifi agwagwa shida ne iyakar rana, malad kada su wuce huɗu, mata a cikinsu kada su wuce biyu, wasu jihohin kuma sun fi haka tsanani, don haka ka karanta littafin dokar jiharka na shekarar. Agwagwar Janairu gashinta ya yi kauri ga kitse, harsashin ƙarfe lamba 2 ko 3, wato lambar girman ƙwayoyinsa, ya fi dacewa. Musulmi ya yi bisimilla kafin ya harba, ya riƙe wuƙa don yanka wadda aka ɗauko da sauran rai.

Sanyin kuma ba abin wasa ba ne. Guguwar ƙanƙara ta 11 ga Nuwamba 1940 ta rutsa mafarautan agwagwa a tsibiran kogin Misisifi, tsakanin Minnesota da Wisconsin, da yawa suka mutu a wurin. Ka sa rigar ceto a cikin kwalekwale, ka ɗaure wandon shiga ruwa da bel a ƙugu, ka ajiye busassun kaya a leda, ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowa. Kare ma a sa masa rigar ɗumi, a ba shi busasshen wurin tsayawa, kuma kada a tura shi kan ƙanƙarar da ruwa ke gudu a ƙarƙashinta.