Yadda Ake Ajiye Kwafi Na Biyu Na Bayanan Sabar A Rumbun Intanet

Mai kula da sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan kamfanin Hajji da Umara a Makka ko Jidda, ya sani cewa kwafin da ke ɗaki ɗaya da sabar ba zai tsira daga gobara ba, ko ambaliya irin ta Jidda a 2009. A bar kwafi na farko a ofis domin maidowa cikin sauri, sannan a tura na biyu rumbun intanet, wato ma'ajiyar bayanai ta wani kamfani da ake kaiwa gare ta ta intanet, kowane dare.

Kafin turawa, a yi amfani da manhaja kamar restic, wadda ke kulle bayanai da mabuɗin sirri tun suna kwamfutarka, kuma abin da ya canza kawai take aikawa. A adana mabuɗin a wani wuri dabam, domin idan ya ɓace kwafin ba shi da sauran amfani. Tunda fasfo ɗin alhazai ne a ciki, amana ce babba, kuma dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta ƙayyade fitar da su waje, don haka ya fi dacewa a zaɓi cibiyar adana bayanai ta cikin ƙasa, kamar ta kamfanin Oracle a Jidda ko ta Google a Dammam.

A kunna kullen da ke hana goge kwafi, kuma kowane wata a maido da wasu fayiloli a tabbatar suna buɗewa.