Yadda mai ɗan hali a ƙauye zai juya jarinsa kuma ya yi taimakon da zai ɗore, darasi daga gidan Dantata

Duk majalisar da aka ɗauko zancen masu kuɗi sai ka ji an ce ai su Dangote daban ne, kamar daga sama suka faɗo, alhali tushen gidan nan a Bebeji yake nan kusa da mu. Alhassan Dantata, kakan mahaifiyar Aliko Dangote, a Bebeji aka haife shi, da fataucin goro daga Gwanja ya fara, da jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta yi daraja sai ya koma sayenta yana kai wa kamfanonin Turawa, lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma. To ba cewa na yi kai ma sai ka zama shi ba ɗan uwa, arziki na Allah ne, amma tsarin da suka bi ana iya rage masa girma ya dace da mai buhu talatin na dawa da shanu huɗu.

Abu na farko ka raba jari da aljihu. Wannan shi ke kashe mu wallahi, kuɗin da aka sayar da riɗi da kuɗin cefane da gudummawar biki da kuɗin asibiti duk a aljihun riga ɗaya, sai damina ta kawo kai mutum ya laluba ya ji babu na taki kuma ya rantse bai san inda suka shiga ba. A reshen bankin Turawa da ke Kano, Dantata kuɗin azurfa ya kai a kan raƙuma 20 aka ajiye masa, a zamanin da mutane ke binne kuɗi a tulu. Kai yanzu ba ka buƙatar raƙumi, asusu biyu kawai, ɗaya na jari wanda ba a taɓa shi sai don saye da sayarwa, ɗaya na gida, sai littafi da biro. Duk wanda ya karɓi bashi ka rubuta a gabansa ko da ƙanin babanka ne, in ba ka iya boko ba ka rubuta da ajami, in ma hakan ya gagara yaronka na sakandire ya riƙe maka.

Sai ka tsaya a kan abin da ka sani, amma kar ka dawwama a saye da sayarwa. Aliko a 1977 ya fara da rancen da ya karɓa a gidan kawunnansa, yana sayar da siminti da shinkafa da sikari, shekaru ya yi yana shigo da kaya daga waje kafin ya koma yin su da kansa, matatar sikari a Apapa, siminti a Obajana jihar Kogi, har zuwa matatar man Lekki mai tace ganga 650,000 a rana da aka ƙaddamar a 2023. Namu daidai mu shi ne, shanshera da kake sayarwa a bakin gona a Kura ko Hadejia, in ka turara ta ka kai injin casa kuɗinta ya canza, ga dusa ta rage maka ta dabbobi. Gyaɗa a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. Riɗi ma in ka rairaye shi ka fitar da ƙasa da tsakuwa kafin ka kai kasuwar hatsi ta Dawanau ba za a yi maka tayin wulaƙanci ba. Sai dai fa kafin ka sayi inji ka zauna ka ƙirga ko kayan da zai ci suna nan duk shekara, don ko kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa da aka buɗe a 2016 ya sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, a shekarar ma tsutsa ta cinye gonaki, to in babba ya ji a jikinsa ina ga mai injin markaɗe ɗaya.

Yanzu ɓangaren bayarwa, kuma a nan ne nake ganin mun fi yin shirme. Zakka tukunna kafin komai, ita ba kyauta ba ce balle a yi maka godiya. Hatsi in ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, na damina ana fitar da ɗaya cikin goma, na rani da aka sha wahalar ban ruwa da inji ɗaya cikin ashirin, kuma ranar girbi take wajaba ba a jiran shekara. Tumaki da awaki in sun kai 40 a fitar da ɗaya, shanu daga 30 ake farawa. Kuɗi da kayan shago ɗaya cikin arba'in in shekara ta zagayo, nisabinsu kuwa, wato adadin da in sun kai zakka take wajaba, yana bin farashin zinare ne don haka kowace shekara ka tambayi liman, kar ka yi amfani da lissafin bara. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci ko tona rijiya da zakka, rukunin mutane takwas aka lissafa a Suratu Tauba aya ta 60 su ne masu ita. Ginin alheri daga sauran dukiyarka zai fito.

Shi kuma ginin alherin ga inda matsalar take. Ka zagaya ƙauyukanmu ka gani, tankin roba a sama kan ƙarfe, allo da sunan Alhaji wane da shekarar da aka yi, famfo shida a jere duk sun bushe, awaki na kwance a inuwar wajen, mata da yara sun koma rijiyar da da jarkoki a kura. Ba wani abu ya faru ba, injin da ke cikin ramin ne ya ƙone ko aka sace farantin sola, babu wanda aka ce gyara na wuyansa, shi kuma Alhaji yana ganin ya gama nasa tun ranar da aka yanka ƙyalle. Manyan ba haka suke yi ba. Gidauniyar Dangote tun 1994 take, amma a 2014 sai ya ware mata dala biliyan 1.25 a matsayin jarinta na kanta, abin da jarin ya haifa da shi ake aiki. Wannan ai hubusi ne da malamai ke karantar da mu, tun Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a.

To yadda za ka yi naka. In za ka tona burtsatse, tun farko ka haɗa ta da wani abu mai kawo kuɗi, ko gona ɗaya da za a riƙa ba da haya, ko shago a bakin kasuwa, ko ma 'yan garuwa su riƙa biyan wani ɗan abu masu ɗiban na gida su ɗiba kyauta, kuɗin kuma na gyara ne kaɗai. In kuɗinka ba za su kai ga duka biyun ba, gara ka gyara matacciyar da ke garin ka ware mata abin kula da ita, ko da sunan wani ne a allon (nan ne fa ake gane mai yi don Allah). Sannan a rubuta takarda, dagaci da mai unguwa da liman su sa hannu, a faɗi iyakar gonar gabas da yamma, kuma ka tara 'ya'yanka ka gaya musu da bakinka cewa wannan ta fita daga gado, don rigimar hubusi yawanci bayan an yi sadakar bakwai take tashi. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi, a Jigawa kuma masarautu irin Dutse suna da kwamitocin zakka, ka je ka nemi shawara kafin ka sa hannu.

Kar kuma ka watsa ƙarfinka ko'ina. Marigayi Aminu Dantata, ɗan Alhassan Dantata, da ya rasu a 2025 ya gina cibiyar wankin ƙoda a asibitin Malam Aminu Kano, Dangote ya riƙe yaƙi da shan inna tare da gidauniyar Bill Gates har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin cutar a 2020. Ciwo ɗaya ake kamawa a zauna a kansa. Kai ma ka zaɓi ɗaya, ruwa ne ko kuɗin jarabawar marayu ko motar kai mai naƙuda asibiti da daddare, kuma kar ka yanke shawara da 'yan majalisarka kaɗai, su kullum masallaci za su ce ko da akwai uku a unguwar, ka sa uwargida ta jiyo maka ta bakin mata. Maganar jera zawarawa a rana da ƙullin shinkafa ana ɗaukar hoto ana sawa a Facebook kuwa, ni dai ban ga alherinta ba, a aika yaro bayan isha ya kai musu gida.

Kuɗin hubusin kar ka riƙe su a hannunka, kar kuma ka bar wa mutum ɗaya komai amanarsa. Mutum uku ya isa, ɗaya ya karɓi kuɗin haya, ɗaya ya riƙe littafi, ɗaya ya san mai gyara da lambarsa, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa hannu, kuma sau ɗaya a shekara, misali bayan an gama girbi an karɓi kuɗin gonar, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar dagaci kowa yana ji.