Yadda ake shirya jakar hannu don tafiya Umara ta jirgin sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin bincike na filin jirgin Malam Aminu Kano ya ga yadda ake raba matafiya da kayansu: kwalbar turare mai tsada, robar zuma, almakashi. Kusan duk wannan asara a gida ake kauce mata, tun kafin a zuge jaka.

Fara da duba tikitinka ko shafin kamfanin jirgin. Ethiopian da Emirates kilo 7 suke bari ga mai ƙaramin tikiti, Turkish kuma kilo 8. Girman jakar a wurin yawancinsu bai wuce kusan santimita 55 a tsaye da 40 a faɗi ba, har da tayoyi da hannun ja. Idan jirage biyu za ka hau, bi ƙa'idar wanda ya fi tsanani. Ɗora jakar a sikeli tun tana wofi, domin wata ita kaɗai ta kai kilo 3.

Sai ka baje kayan a tabarma ka ware duk abin da ke zuba ko ake shafawa. A nan ne mutanenmu suka fi shiga matsala. Tun 2006, bayan an bankaɗo wani shirin kai hari da ruwan sinadari a Ingila, ƙa'idar a yawancin filayen jirgi ita ce kowane mazubi kada ya wuce mililita 100, kuma dukkansu su shiga leda guda mai zif wadda ake ganin cikinta, mai cin lita 1. Girman kwalbar ake dubawa. Kwalba mai mililita 200 da ta rage saura kaɗan a gindi, karɓe ta za a yi. Kuma jami'i ba ruwa kaɗai yake kira ruwa ba: humra, man kaɗanya, man shanu, zuma da man goge baki duk a layi ɗaya suke. Ɗura kaɗan a ƙananan robobi, sauran ka naɗe a leda ka sa a babban akwati. Madarar jariri da maganin ruwa na dole ana ɗaga musu ƙafa, amma ka fito da su ka nuna da kanka.

Almakashin da za ka rage gashi bayan sa'ayi, da reza da ƙaramar wuƙa, duk su tafi babban akwati.

Fawa banki kuwa akasin haka ne. Shi da duk wani batirin litiyam da ba ya cikin na'ura, haramun ne a sa su a akwatin da ke shiga ƙasan jirgi, domin idan ya kama wuta a can babu mai gani. A jakar hannu yake zama. Iyakar da ba ta buƙatar izini ita ce 100Wh, wato kusan 27,000mAh, don haka mai 20,000mAh ba shi da matsala. Ka tabbata rubutun ƙarfinsa bai goge ba. Wasu kamfanoni yanzu sun hana yin caji da shi a cikin jirgi.

Yanzu ka zuba abin da ba za ka iya kwana ba tare da shi ba idan akwati ya makale a Addis Ababa ko Alƙahira. Maganin hawan jini ko na suga ya tafi a kwalinsa na asali, tare da takardar likita. A ganina babu abin da ya kai harami muhimmanci a nan: idan Jidda za ka sauka ka wuce Makka, a sama za a ratsa miƙati, kuma haramin da ke ƙasan jirgi ba zai amfane ka ba. Ƙara kaya ɗaya na canji da silifas.

Goro ka bar shi a gida, Saudiyya ta hana shiga da shi. Saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka karɓa ko na wane ne, domin duk abin da aka samu a jakarka kai za ka amsa.

Wajen jerawa, tufafi a ƙasa, ledar ruwa da kwamfuta a sama inda hannu ɗaya zai zaro su. Fasfo, biza, katin allurar rigakafi da katin shiga jirgi su zauna a aljihun gaba. Kafin ka kai ga na'urar bincike, cire bel da agogo, ka kwashe makullai da waya daga aljihu, ka shanye ruwan da ke hannunka.

A dawowa kuma, kada ka ɗura zamzam a gora ka sa a jakar hannu. Katan mai lita 5 da aka rufe shi ake miƙawa tare da manyan kaya, gwargwadon abin da kamfanin jirginka ya yarda.