Yadda Za Ka Dawo Da Launin Tsofaffin Hotunan Gida

A gidaje da yawa na Gombe da Bauchi akwai ambulan ko tsohon album a ƙasan akwati, cike da hotunan shekarun 1970 da 1980: hawan Sallah, ɗaurin aure, alhazai sun dawo daga Makka. Yawancinsu yanzu sun yi jajawur kamar an tsoma su a ruwan goro. Farar babbar riga ta koma ruwan ƙasa, shuɗin sama ya ɓace. Launin bai tafi duka ba, kuma ana iya dawo da mafi yawansa, amma sai ka san yadda aka gina shi tun farko.

Duk hoto mai kala, hotuna uku ne aka haɗa. Masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya nuna haka a Ingila a 1861, da aka ɗauki wani ƙyalle sau uku ta bayan gilashi ja, da kore, da shuɗi, sannan aka haska su wuri guda. Da wannan dabara mai ɗaukar hoto Sergei Prokudin-Gorsky ya zaga daular Rasha, har ya ɗauki Sarkin Bukhara, Alim Khan, a 1911. Nemi hoton nan ka gani: Sarki zaune a kan kujera, da rawani, da alkyabbar siliki shuɗiya mai furanni, takobi a hannu, kamar jiya aka ɗauka. Ga garin Imamu Bukhari da launinsa na gaskiya, fiye da shekara ɗari baya. Dalilin da launin bai dusashe ba shi ne, hotuna uku na baƙi da fari ne aka adana a kan farantin gilashi ɗaya, ba rini a cikinsu. A Faransa kuwa, farantin ɗaukar hoto mai kala na 'yan'uwan Lumière mai suna Autochrome, da ya shiga kasuwa a 1907, ƙwayoyin sitacin dankalin turawa aka rina kala uku aka shimfiɗa a kan gilashi. Daga fim ɗin Kodachrome na 1935 aka koma jera rini uku a cikin fim ɗin kansa, kuma hotunan gidajenmu jikokin wannan tsari ne.

Rinin uku su ne rawaya, da ja mai shunayya, da shuɗi mai ratsin kore. Ba tare suke tsufa ba. A hotunan wancan zamani da aka ajiye cikin duhu da zafi, shuɗin ne yakan fara gudu, shi ya sa ja ke rinjaye. Wanda aka rataye a bango rana na dukansa kuwa, yakan koɗe ya yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Aikinka shi ne ka ƙara wa sashen da ya raunana ƙarfi, ka ƙyale sauran.

Fara da tsabta. Wanke hannu ka bushe shi sarai, ka riƙe hoto ta gefe. Kaɗe ƙurar hunturu da buroshi mai laushi, daga tsakiya zuwa baki. Kada ka sa ruwa ko yawu ko tsumma mai laima, domin fuskar hoton tana narkewa ta yi danƙo. Idan hoto ya manne da gilashin firam, kada ka ɓamɓare shi, fuskar mutum za ta biyo gilashin. Ka goge gilashin ta waje ka ɗauke shi a haka. Wanda ya manne a album mai gam, ana zura siririn zaren sakace ta ƙarƙashinsa a hankali.

Wajen kwafe hoto zuwa kwamfuta, sikana, wato na'urar kwafe takardu da hotuna, ta fi waya. Ƙaramin hoto a saka shi a kan 600 dpi (ma'aunin yawan ɗigon da sikana ke ɗauka a kowane inci), fim ko silaid (ɗan fim a cikin firam ɗin kwali da ake haskawa a bango) kuwa 2400 zuwa sama, da sikana mai fitila a murfi. Ka ce wa mai shagon kwamfuta ya kashe gyaran launi na atomatik, ya adana maka a TIFF, nau'in fayil da ba ya zubar da ingancin hoto. Wannan shi ne asali, ba a taɓa shi. A kan kwafi ake aiki. Idan silaid ɗin an rubuta Kodachrome a jikin kwalinsa, a kashe na'urar share ƙura mai aiki da hasken infrared, don takan ci gefen hoton ta ɓata shi.

Idan waya ce kawai a hannu, ta isa. Shimfiɗa hoton a inuwa kusa da ƙofa da hantsi, ka kashe filasha da ƙwan ɗaki. Ɗora wayar a kan tarin littattafai ta kalli hoton kai tsaye, ba a karkace ba, ka sa ta jira daƙiƙa 2 ko 3 kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta. Ajiye farar takarda a gefe, za ta nuna maka ko hasken wurin ya ƙara nasa launin.

Gyaran kansa a GIMP ake yi, manhaja ce ta kyauta. Buɗe Levels, ka bar sashen da ya haɗa launuka duka, ka zaɓi ja shi kaɗai. Za ka ga zane kamar tudu, da fili a gefe ɗaya ko duka biyun. Filin nan shi ne abin da ya ɓace. Jawo ƙaramar alamar hagu zuwa gindin tudun, ta dama ma haka. Yi wa kore, yi wa shuɗi. Sau da yawa nan take za ka ga farar hula ta fito, ganyen darbejiya ya koma kore. Sauran jan da ya rage, da alamar tsakiya ake rage shi, kaɗan-kaɗan. Nemi abin da ka tabbatar toka-toka ne a hoton, kamar daɓen siminti ko kwalta, ka daidaita har ya zama toka. A waya, sashen Curves na manhajar Snapseed yana yin kusan wannan aikin.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne fata. Garin korar ja sai a wuce gona da iri, fuskar Baba ta koma toka ko kore. Tsaya tun akwai ɗan ɗumi a fatar. Kuma ka kai wa dattijuwar gidan ta gani, ita ce za ta ce maka atamfar nan ruwan ganye ce, ba shuɗiya ba. Manhajojin da ke shafa wa hoton baƙi da fari kala kuwa, kintace suke yi: sukan mai da rigar saƙi mai baba ruwan ƙasa, su sake wa mutum hanci da ido. In ka yi amfani da su, rubuta a jiki cewa launin ƙage ne.

Ajiya ita ce sauran aikin. Zafi da laima ke kashe rini, don haka saman silin ƙarƙashin kwano da jikin bangon da ke tsatsafo a watan Agusta duk ba wurin hoto ba ne. Zaɓi ɗaki mafi sanyi, akwati a ɗage daga ƙasa saboda gara, ka jefa 'yan ƙullin ƙwayoyin shan laima da ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa sauya su kowace damina. Kada ka yi wa asali laminetin, zafi da gam ba sa komawa baya. Fim ɗin da ya fara wari mai tsami, ruɓewa yake yi. Ware shi daga sauran, ka fara kwafe shi. Rubuta suna da gari da shekara da fensir a jikin ambulan, ban da biro a bayan hoto, tawadar tana ratsowa. Wanda za a rataye a falo, a wanko sabon kwafi.

Adana fayil ɗin wuri uku: kwamfuta, filas, da intanet. In za ka tura wa 'yan'uwa a Kumo ko Azare ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, wato Document, domin in ka tura shi a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta zubar da ƙananan abubuwa irin su aikin zaren da ke wuyan riga.