Yadda za ka haɗa kayan aiki biyu a injin haidrolik ɗaya

Yan uwa masu aikin gini a Kumasi, abin farko duba lita nawa na man haidrolik injin naka ke turawa a minti. Ƙaramin bireka na fasa kankare yawanci lita 20 yake sha, to inji mai lita 40 da baki biyu zai ɗauki bireka biyu, ko bireka da famfon zuƙe ruwa, amma mai lita 20 kacal kar ka wahalar da shi, ɗaya bayan ɗaya.

Inda nake ganin yara na kuskure shi ne su je Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan gyara, su sayo mahaɗa mai baki uku su raba tiyo da ita, wallahi ba ta yi, mai sai ya bi inda ya fi sauƙi, ɗaya na gudu ɗaya na nishi. Filo dibaida ake sawa, shi ke raba man daidai.

Kashe inji kafin haɗawa, ka goge bakin kofla, wato mahaɗin tiyo, tas don ƙasa kaɗan ta isa ta ci famfo, sannan ka fara da tiyon dawowa kafin na turawa. Tiyo ya yi tsayi da yawa ƙarfi na raguwa mai na zafi, da wannan ranar tamu kuwa a inuwa za ka ajiye injin, a fili, ba cikin ɗaki ba saboda hayaƙi.

Don Allah masta, kar yaronka ya nemi yoyo da hannu, kwali zai sa. Mai da ke fita da matsin bar 140 na huda fata, in ya faru a wuce asibitin Komfo Anokye take.